Yadda ake ɗaukar tarihin tsohon matuƙin jirgin soja daga bakinsa, har ya zama littafi

A gidaje da dama na Yamai da Tahoua akwai dattijon da kowa ya san ya yi aikin soja a sama, amma in ka tambayi jikokinsa wane jirgi ya tuƙa, ko a ina ya taɓa sauka da injin guda, sai su kalli juna. Tun 1961 Nijar ta kafa rundunarta ta sama, wadda aka fara kira Escadrille nationale. Samarin da suka shiga a farko yau sun haura tamanin, waɗanda suka biyo bayansu a zamanin Kountché yawancinsu suna cikin sittin ko saba'in. Su ne suka tuƙa jirage irin su Dakota da Broussard da Noratlas, daga baya Dornier da C-130, suka kai sojoji da hatsi da marasa lafiya tsakanin Yamai da Agadez da Dirkou, a lokacin yunwa da lokacin tawayen arewa. Abin da ke rubuce game da su kaɗan ne, kuma kusan duka da Faransanci. Sauran yana cikin kawunansu.

Hanyar da zan bayyana ta dace da matuƙi, ta dace da makanikin jirgi, ta kuma dace da tsohon sojan ƙasa irin waɗanda Faransa ta kai yaƙi Indocin (Vietnam ta yau da maƙwabtanta) ko Aljeriya, in Allah ya sa naka yana raye.

Wa zai yi tambayar

Kafin a yi maganar waya ko makirfo, a daidaita wannan a gida. Ɗan fari ba zai iya ba. Akwai kunya tsakaninsa da mahaifinsa, ba zai dube shi ya ce “Baba, kun ji tsoro?” ba, shi ma tsohon ba zai amsa masa ba. Sauran ƴaƴa za su samu labarin faretin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, da na lambobin girma, iyaka ke nan. Jika shi ne ya dace. Wasan da ke tsakanin jika da kaka yana buɗe ƙofar da ladabi ya rufe wa ƴaƴa. Jika mace za ta iya cewa, “Tsoho, wai da gaske kai ke tuƙa jirgin, ko dai kaya kake lodawa?” sai ya miƙe zaune ya ce a ɗauko masa akwatinsa. In babu jikan da ya isa, a nemi ɗan ƙanwarsa ko ɗan wani abokin aikinsa da yake sakewa da shi.

Mutum ɗaya zai riƙa tambaya. In ana so, wani ya zauna gefe yana kula da waya, amma bakinsa a rufe.

Neman yardarsa

Kar ka ɗauki muryarsa a ɓoye, ko da niyyarka mai kyau ce. Ka je ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da kake so da dalilinsa: muna son jikokinku su ji daga bakinku. Ka gaya masa tun farko cewa duk abin da ya ce a cire za a cire, kuma ba abin da zai fita daga gida sai ya ji shi ya amince. Sau da yawa amsar farko ita ce, “Mi za a yi da wannan? Ya wuce.” Kar ka matsa. Ka bar maganar, bayan kwana biyu ka dawo da wani tsohon hotonsa ka tambaye shi wane ne na hagunsa. Daga nan ake farawa.

Ranar da ya amince, ka sa ya faɗi amincewar da bakinsa a farkon ɗauka. Rubutacciyar yarda kuma sai an zo maganar bugawa.

Akwatin ƙarfe da jerin shekaru

Kusan kowane tsohon soja yana da akwati ko jaka da ba a taɓawa. Abu mafi daraja a ciki ga matuƙi shi ne littafin tashinsa, carnet de vol, inda aka rubuta kowace tafiya: rana, irin jirgi, lambarsa, inda aka tashi, inda aka sauka, awa nawa aka yi a sama. Lambar jiragen Nijar da 5U take farawa, don haka in ka ga wata daban ka san jirgin wata ƙasa ne, wataƙila na lokacin karatunsa. Ka nemi kuma littafin aikinsa na soja, livret militaire, da lambarsa ta soja, matricule, da takardun shaidar horo, da wasiƙu, da hotuna.

Ka ɗauki hoton kowane shafi a inuwa mai haske, ba da fitilar waya ba, wayar a miƙe bisa takardar. In za ka kai wurin masu sikan, ka ce a yi takardu a 300 dpi, ƙananan hotuna a 600. Kar ka yarda a manne tsohuwar takarda cikin leda mai zafi, don ba ta sake fitowa, kuma kar a liƙa salatif a inda ta yage. Bayan hoto da fensir ake rubutu, biro yana hudowa gaba. Ka duba ƙasan akwatin ko gara ta fara shiga.

Sannan ka rubuta wa kanka jerin abubuwan da kowa ya sani da shekarunsu, domin dattawa ba da lamba suke ƙirga lokaci ba. Zai ce maka “bayan an kama Diori”, kai ka san 15 ga Afrilu 1974 ke nan. Zai ce “shekarar El Buhari”, wato yunwar 1984. Rasuwar Kountché, 10 ga Nuwamba 1987. Jirgin kamfanin Faransa UTA da ya tarwatse a sararin hamadar Ténéré da mutum 170, 19 ga Satumba 1989. Kashe-kashen da aka yi a Tchintabaraden, Mayu 1990. Tura sojojin Nijar Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha, 1990 zuwa 1991. Babban taron ƙasa na 1991. Yarjejeniyar zaman lafiya da ƴan tawayen arewa ta 24 ga Afrilu 1995. Da wannan takarda a hannu, in ya ce “lokacin nan”, sai ka tambaye shi kafin kaza ne ko bayansa, shekarar ta fito da kanta.

Waya, ɗaki da lokaci

Wayar da ke hannunka ta isa. Ka cika ta da caji, ka share wuri, ka sa ta a yanayin jirgi don kira kar ya katse ɗauka. In manhajarka tana ba da zaɓi, ka ɗauki WAV, tsarin da ba ya matse murya: awa guda a 44.1 kHz, layin sauti ɗaya (mono), tana cin kusan MB 320, amma muryar na fitowa da cikarta. Ka ɗora wayar kan ninkakken zane bisa kujera ƴar tsugune, tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga bakinsa. Kar ka riƙe ta a hannu, motsin yatsunka duk yana shiga.

In ka samu ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, ka lura da abin da ya sa. Sabuwar shadda mai sitaci tana ƙara duk lokacin da ya motsa kafaɗa, har ta rufe magana. Tsohuwar rigar zaman gida ta fi. Haka carbi: a kunne ba a jin sa, amma a cikin ɗauka ƙwas-ƙwas ɗinsa na fita tamkar ana fasa gyaɗa. Ba za ka ce wa dattijo ya ajiye carbinsa ba. Ka matsar da wayar zuwa ɗaya gefen.

Ɗakin da ke da katifa da labule da tabarma ya fi falon siminti mai amsa kuwwa. Zaure yana da daɗin hira, amma kowane mai wucewa sai ya yi sallama, babur kuma ba ya ƙarewa. Fanka babbar matsala ce: iskarta in ta bugi makirfo ta lalata komai. Shi ya sa watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, suka fi Afrilu da Mayu, lokacin da ba mai iya zama a ɗaki ba fanka. In dole ne a bazara, a yi da sassafe. Hantsi, bayan ya karya kumallo, shi ne lokacin da kan tsoho ya fi sakewa. Ka lissafa da kiran salla, ka tsaya kafin lasifikar masallaci ta tashi. Awa ɗaya, ko ɗaya da rabi, ta isa zama guda. In akwai mai dafa shayi, ya yi nesa da wayar, zubin na uku kuma ya zama alamar tashi.

Ka gwada minti guda ka saurara da abin kunne kafin a fara. Sannan ka faɗi rana da wata da shekara, da garin, da sunanka da nasa.

Yadda ake tambaya

Zaman farko kar a taɓa yaƙi. A fara da garinsu, da iyayensa, da makarantar allo da lakwal, da ranar da ya fara ganin jirgi. Yaya aka yi ɗan talaka daga Adar ko Gobir ya tsinci kansa a kujerar matuƙi? Wa ya zaɓe shi, wace jarrabawa ya yi, mahaifiyarsa mi ta ce? In an kai shi karatu waje, ko Salon-de-Provence inda Faransa ke horar da hafsoshin sama ko wata ƙasa, ka tambaye shi sanyin farko, da abincin da ya kasa ci, da inda yake salla.

Tambayar da amsarta “i” ko “a'a” ce ba ta kawo labari. “Aikin yana da wuya?” zai ce, “Sai godiya.” Ka ce, “Kaka, ku ɗauke ni daga lokacin da kuka tashi daga barci ranar tafiya Dirkou, har ku tayar da inji.” Nan za ka ji abin da babu shi a kowane littafi: ƙarfe nawa ake taruwa a sansanin sojan sama na 101 da ke Yamai, wa ke duba mai, mi ake loda wa jirgin, addu'ar da yake yi kafin ya saki birki.

A nan ya kamata ka daɗe, don nan gwanintarsa take. Ka tambaye shi yadda ake gane hanya bisa Ténéré kafin zuwan GPS, da taswira da kamfas da agogo, ƙasa duk launi ɗaya. Ka tambaye shi hazo, lokacin da ƙura ke rufe filin sauka har sai an zo kansa. Ka tambaye shi dalilin tashi da asuba: iska mai zafi ba ta da kauri, fuka-fuki ba sa samun abin dogaro sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa, don haka jirgi mai nauyi a tsakar rana yana buƙatar fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Shi ya san wannan a jikinsa, ka bar shi ya bayyana da kalmominsa. Ka tambayi ƙarar Noratlas daga ciki, da warin mai, da abin da ake ci a hanya. Ka buɗe carnet de vol ka nuna layi ɗaya, ka ce wannan ranar fa? Wani layin ba zai tuna ba. Wani kuma zai riƙe ku har azahar.

In ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Masu fara wannan aiki suna tsoron shirun, sai su cike shi da wata tambaya, alhali abin da ya fi nauyi yana zuwa ne bayan dogon numfashi. Ka ƙirga goma a zuciyarka. Kar ka riƙa cewa “to”, “haka ne”, “ikon Allah” bisa maganarsa, ka gyaɗa kai kawai. Na san wannan ya saɓa wa yadda muka tashi, don a wurinmu mai sauraro yana amsawa. Ka faɗa masa tun farko cewa saboda waya ne, kar ya ɗauka raini.

In ya ambaci shekarar da ka san ba daidai ba ce, kar ka gyara shi. Ka rubuta a takardarka. In ya maimaita labarin da ya ba da jiya, ka bar shi, sau da yawa na biyun yana zuwa da sunan da na farkon ya rasa.

Abin da ke da zafi

Wata rana za a iso ga gawarwakin da ya ɗauko, ko abokin da ya tashi bai dawo ba, ko umarnin da har yau bai kwanta masa ba. Kar ka nemi wannan a zama na biyu, kuma kar ka guje shi in ya zo. In muryarsa ta karye, ka tambaye shi a hankali ko a tsayar da waya. Abin da ya zaɓa shi za a yi. Ranar kar ka tashi ka tafi nan take. Ka zauna a sha ruwa, a yi wata hira, ka kuma sanar da wanda ke kwana kusa da shi, don irin wannan tono yakan hana barci.

Wanda ke Tahoua ya san shekarun tawaye ba tsohon labari ba ne. Waɗanda suka rasa nasu a ɓangarorin biyu suna nan, ana haɗuwa a kasuwa, an yi auratayya. Ka ɗauki duk abin da ya faɗa yadda ya faɗa, ka adana. Abin da za a buga kuma shawara ce ta daban.

Kar ka manta da matarsa. Ita ta san daren da aka ce jirgi bai sauka ba, ita ta riƙe gida da albashin da ya makara, ita ta yi ƙaura daga bariki zuwa bariki. A yi zama da ita daban, jika mace ta yi tambayar, shi ba ya wurin. In makanikinsa ko wani abokin tafiyarsa yana raye, ka haɗa su zama guda a ƙarshe. Za su yi gardama kan wa ya yi kuskure a wata sauka, kuma gardamar za ta fito da abin da kowannensu ya manta.

Ajiya, a ranar

Daren ranar ka kwafe abin da ka ɗauka zuwa wuri biyu bayan wayar: kwamfuta ko ƴar na'urar USB, da kuma intanet, kamar Google Drive. Ɗaya ya kasance a wani gida. Sunan kowane fayil ya fara da shekara da wata da rana, sannan lambar zama. In za ka aika wa ɗan'uwa ta WhatsApp, ka aika a matsayin takarda, domin in ka tura hoto kai tsaye yana matse shi ya rage kyansa. Na asali ba a yanka shi, ba a gyara shi. Duk gyara a kan kwafi.

Mai da magana rubutu

Nan yawancin mutane ke gajiya. Awa guda ta magana tana cin awa biyar zuwa takwas a rubutu. A raba aikin tsakanin jikoki, amma a yarda da ƙa'ida ɗaya. A sa allon rubutu na Hausa a waya don a samu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kowane minti biyar a rubuta lokacin a gefe, don a iya komawa.

A rubuta yadda ya faɗa. In Ba'adare ne ya ce “na tahi”, “ya hwaɗi”, “biyat”, a bar su haka, kar a mai da shi Bakano. Kalmomin Faransanci da suka cika bakin soja, su misiyon, kumandan, ajidan, a bar su, a bayyana ma'anarsu a ƙasan shafi. Inda ba a ji ba a sa alama, a koma a tambaye shi tun yana nan. Sunayen mutane da na wurare a tantance su da shi ɗaya bayan ɗaya.

Sai tantancewa. Ka gwada abin da ya faɗa da carnet de vol da jerin shekarunka. Tsofaffin jaridu irin su Le Sahel, wadda a zamanin Diori ake kira Le Temps du Niger, za su taimaka, ka neme su a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, Archives nationales, a Yamai. Cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai tana da ɗakin karatu da masana tarihi. Wanda ya yi aiki ƙarƙashin tutar Faransa kafin 1960, takardunsa na iya kasancewa a ma'ajiyar sojan Faransa ta Vincennes ko reshenta na Pau, kuma da cikakken suna da lambar matricule ake nema. Inda takarda ta saɓa da bakinsa, kar ka canza maganarsa. Ka bar ta, ka rubuta a ƙasa cewa littafin tashinsa ya nuna wata shekara. Mai karatu zai ga duka biyun.

Gina littafin

Hira ba ta bin tsari, littafi kuwa dole ya bi. Ka jera labaran bisa shekaru, ka cire tambayoyinka, ka haɗa labarin da ya bayar sau biyu ya zama ɗaya, ka rage maimaici. Abin da ba za ka yi ba shi ne sa masa magana a baki. In ana buƙatar bayani don mai karatu ya gane, ka rubuta shi da sunanka a farkon babi, da rubutu na daban. Ka guji mai da shi gwarzon da bai taɓa kuskure ba. Ranar da ya ɓata hanya, da ranar da aka hukunta shi, su ne ke sa a yarda da sauran.

Ka sa taswirar Nijar da filayen da ya sauka, da hotuna, kowanne da bayanin wa da wa, ina, yaushe. A ganina Hausa ce ya kamata ta zama ainihin littafin, tunda da ita ya yi magana. In akwai mai iyawa, a ƙara fassarar Faransanci a baya don jikokin da suka fi karanta ta.

Kafin a buga, ka karanta masa duka da babbar murya, babi babi. Zai gyara, zai ƙara, zai ce a cire wani abu. A cire. Sannan abu biyu. Na farko, sunayen mutane: duk inda ya ɗora wa wani laifi, ko mutumin na raye ko ƴaƴansa, a cire sunan ko a bar wurin gaba ɗaya. Na biyu, sirrin soja. Rantsuwar da ya yi ba ta ƙare da ritaya ba, kuma ƙasa na cikin yaƙi yanzu. Duk abin da ya shafi tsarin sansanoni, ko makamai, ko ayyukan shekarun baya-bayan nan, ko hoton cikin bariki, ya nuna wa wani tsohon hafsa da ya amince da shi, in ya cancanta a nemi izinin hukumar soja. Haka ma kafin a sa wani yanki a Facebook.

Daga nan ya sa hannu a takardar yarda, da shaidu biyu daga cikin ƴaƴansa, a rubuta wa ke da haƙƙin littafin da abin da za a yi da kuɗinsa in an sayar. Sunansa ne a matsayin mai labari, naka a matsayin wanda ya ɗauka ya tsara.

Bugawa

Ka tsara shi a girman A5, rubutu manya, 12 ko 13, don tsofaffi ne za su fara neman sa. Ka sa maɗaba'a ta fitar maka da kwafi ɗaya na gwaji, ka duba harufan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ shafi shafi, domin a wasu na'urori sukan koma akwati-akwati. A fara da kaɗan, na dangi da abokan aikinsa, in an nema a ƙara. In kana son ya shiga kasuwa, ka tuntuɓi masu buga littattafan harsunan gida a Yamai, irin su Gashingo, ka kuma yi rajistarsa a ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA.

Da yawa daga cikin danginsa ba za su karanta boko ba. Ka yanka muryar gunduwa-gunduwa, minti goma ko sha biyar, daga abin da ya amince kawai, ka zuba a katin memori a raba wa ƴan'uwa na ƙauye. Gidan rediyon gari ma zai iya karɓa. Ka kai kwafin littafin Archives nationales da IRSH. Muryar kuma, tare da rubutunta da takardar yardarsa, ka tuntuɓi CELHTO, cibiyar Tarayyar Afirka da ke Yamai tun 1968 don tattara tarihin baka, ko za su adana. In akwai sashen da ya ce kar a ji sai bayan ransa, ka rubuta wannan sharaɗin a takardar da za ka miƙa musu, ka riƙe kwafinta a gida.